Ƙarfe Huɗu A Kan Benci

Kafin ku fara yi mini dariya a ƙasan rubutun nan, bari in riga ku. E, shekarata ashirin da tara. E, ina da aikin yi. Kuma e, ina buga gem. Mai tsaki ya yi yanzu ya huta, domin abin da zan faɗa muku yau ko Yayata da muka tashi ɗaki ɗaya ban faɗa mata ba.

Na'urar gem biyu gare ni, irin wadda ake riƙewa a hannu, tsohuwa da sabuwa. Tsohuwar ruwan toka ce, mai kauri kamar sandar sabulun wanki. Baba ya sayo mana gwanjo ina 'yar shekara tara, ɗaya tawa ɗaya ta Yaya. Batir huɗu take ci. Allonta bai fi kwalin ashana ba, babu launi sai kore-kore da baƙi, kuma ba shi da hasken kansa, sai kin je bakin taga kin karkata ta kin karkata wuya kafin ki ga abin da kike yi. Kaset ake zura mata ta baya, in ya ƙi tashi ki zaro ki hura masa iska ki mayar. Idan kuna son yin wasa ku biyu, akwai wata baƙar igiya da ake sokawa a gefen kowacce, tsawonta bai kai kamu biyu ba, don haka dole ku zauna gwiwa da gwiwa. In Yaya ta cinye ni, ina jin dariyarta tana tasowa tun daga ƙirjinta kafin ta fito. In ni na cinye ta kuwa, mintsini nake sha a cinya, kuma ba damar gudu saboda igiyar.

Shekara shida ke nan da aka yi wa Yaya aure, mijinta ya tafi da ita wata ƙasa mai nisa. Ta tafi da tata na'urar, ta bar mini igiyar a cikin akwatin ɗankunne, ban san me take so in yi da igiya mai baki biyu ni kaɗai ba. Gadonta yana nan a ɗakinmu, yanzu wankakkun kaya nake tarawa a kai. Muna waya, amma wayar mai 'ya'ya uku rabinta tsawa ce, rabinta "bari in kira ki anjima".

A shagon tabarau nake aiki, daga takwas zuwa uku. Aikina goge gilashi, ɗaure sukurun da ya kwance, da yi wa mutane ƙaryar cewa firam ɗin ya yi musu kyau. Mai shagon dattijo ne, jarida yake karantawa har barci ya ɗauke shi. Akwai ranar da mutum uku kacal za su shigo, ɗayansu ma hanya yake tambaya. Shi ya sa nake tafiya da tsohuwar gem ɗina a jaka, in zauna kusa da ƙofar gilashi inda haske yake, in yi ta wasan jera tubali har a tashi.

A haka Injiniya ya same ni. Ya shigo da tabarau mai karyayyen hannu, dogo, mai saurin magana, mukullin mota yana kaɗawa a yatsa. Ya leƙo ta kan kantar shagon ya ga abin da ke hannuna, sai ya yi dariya.

"Malama, wannan ai gidan tarihi ya kamata ki kai ta."

"Ba ta taɓa ba ni kunya ba," na ce. "Tabaranka fa, watansa nawa?"

Ya ce biyu. Na gyara masa, ya karɓi lambata. Gada suke ginawa a wani gari, tafiyar awa tara daga nan, don haka bayan wannan rana sai waya. Da wata ya zagayo sai ga kwali an kawo mini shago, da 'yar takarda a sama: "Na sayi biyu, ɗaya taki ɗaya tawa. Ki huta da hura kaset."

Ba zan yi muku ƙarya ba, sabuwar ta fi tsohuwar a kusan komai. Allonta ya kai tafin hannu biyu, launi kamar ki taɓa, ruwa yana motsi, ganye yana kaɗawa, ko cikin bargo kike kina gani. Sauti kuwa har kukan tsuntsu. Inda tsohuwar ta fi ta shi ne haƙuri. Waccan in kin sa mata batir sai ku yi mako biyu ba ta yi ƙorafi ba, wannan awa uku ta fara neman caja. Waccan kina kunnawa ta tashi, wannan sai ta ce ki jira tana sabunta kanta.

Baba tsohon mai gyaran agogo ne, ido ne ya sa ya bari. Ya karɓe ta ya juya gaba ya juya baya, yana shafa gefenta da babban yatsa.

"Ina sukurorinta?"

"Ba a buɗe ta, Baba. Manne take."

"In ta lalace fa?"

"Sai a mayar wa masu ita."

Ya miƙo mini. "Waccan sau uku ina buɗe ta, na san cikinta kamar aljihuna. Wannan kyakkyawa ce, ban ce ba. Amma ban san me ke cikinta ba."

Babban abin da ya tafi da hankalina shi ne ba ta da igiya. Sunan abokin wasanki yana gefen allo, in ya kunna tasa, ko yana ƙarshen duniya, sai wani ɗan koren haske ya kama kusa da sunan. Wasan da muke yi na gona ne. Kowa da ɗan mutum-mutuminsa, kina shuka, kina ban ruwa, kina kamun kifi, abokinki yana iya shigowa gonarki ta ƙofa. Ana iya rubutu, amma harafi ɗaya-ɗaya ake tsinta, sai mai haƙuri. A lokacin na ɗauka rashin igiyar nan shi ne ci gaban da ya fi kowanne.

Mako biyun farko Injiniya yana shigowa duk sanda ya ga dama. Ya yi ta gudu yana tattake mini furanni, ya turo fuskar dariya, minti biyar ya fita. Daga nan na yi mako guda ban ga koren hasken ba, har na cire rai. Sai wata Talata da ƙarfe huɗu daidai, ina kwance a kan gadona da kayan aiki a jikina, hasken ya kama. Ya shigo a hankali, ba gudu. Ya ɗauki butar ban ruwa ya bi shukokina ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya je kan wani benci da na ajiye a bakin kogi ya zauna. Na kai nawa mutum-mutumin na zaunar kusa da shi. Mun fi minti goma a haka ba wanda ya rubuta komai, kuma wallahi rabon da in ji zuciyata ta yi sanyi irin na ranar tun tafiyar Yaya.

Daga ranar ya zama Talata, Alhamis da Asabar, ƙarfe huɗu zuwa kusan takwas, bai taɓa saɓawa ba. In na tashi salla in dawo in tarar da shi a inda na bar shi. Na fara rubuta masa abubuwa. Na faɗa masa yadda nake kunna rediyo a ɗaki ba don in saurara ba, don dai a ji murya. Na faɗa masa ƙawayena duk sun yi aure, kuma gayyatar suna kaɗai ke haɗa mu. Na faɗa masa abin da na fi tsoro a duniya, wato in wayi gari na tsufa a bayan kantar nan, ina goge gilashin mutanen da ba su san sunana ba. Amsarsa ba ta wuce kalma uku zuwa huɗu, kuma sai ta daɗe kafin ta iso. "Ina jin ki." "Ci gaba, Malama." "Wannan da ciwo." A waya gimbiya yake ce mini, a benci Malama. Na ce a raina, haka maza suke, a baki surutu, in an zo maganar zuciya sai kunya.

Wata Juma'a da safe na tura masa saƙo a waya.

"Na gode da jiya. Maganar nan ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Bayan awa biyu ya amso: "Ba komai gimbiya. Ina wurin aiki, zan kira."

Bai kira ba, kuma ban damu ba. Na san inda zan same shi gobe da ƙarfe huɗu.

A gida kuwa wuta ake hura mini. Gwaggo, ƙanwar Baba, duk Lahadi tana gidanmu, kuma ba ta zama sai ta taɓo maganar. Ranar nan ina zuba mata shayi ta dube ni sama da ƙasa.

"Wata takwas, 'yar nan. Mutum bai tako gidan nan ba ko sau ɗaya, ke kuma kin kori kowa saboda shi."

"Yana zuwa, Gwaggo. Sau uku a mako."

"Ta ina? Ta taga?"

Umma ta rufe baki da mayafi tana dariya. Na yi ƙoƙarin yi musu bayanin gonar da bencin, ina cikin magana ni kaina na ji yadda abin yake fita a kunne, sai na koma zuba shayi. Gwaggo ta taɓe baki ta ce ita a zamaninta mutum da ƙafarsa yake zuwa, har a san irin takalminsa.

Da yamma Baba ya kira ni ɗakinsa. Shi ba ya ɗaga murya, shi ya sa maganarsa take da nauyi.

"Ki ce masa ya zo in gan shi. In ya tafi zan tambaye ki kalma ɗaya, e ko a'a, kuma abin da kika ce shi za a yi. Ba zan matsa miki ba. Amma ba zan ƙara shekara ina jiran mutumin da ban san fuskarsa ba."

Amsata a shirye take, e ce. Ba don motar ba, ba don gadar ba, ba ma don na huta da bakin Gwaggo ba, ko da yake wannan ma riba ce. Don mutumin da yake iya zama kusa da ni awa huɗu yana saurare ne. Na ce duk namijin da ya iya wannan, zan iya zama da shi har tsufa.

Ya ce zai zo Asabar. Tun Alhamis Umma ta sauke labulen falo ta wanke, ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai an yi babban baƙo. Gwaggo ta iso tun sha biyun rana da turarenta, wai wucewa take yi. Na sa doguwar riga ruwan zuma, na cire, na sa shuɗiya, na cire, na koma ruwan zuman. Na yafa farin mayafi, kwalli kaɗan, agogon da Baba ya gyara mini a hannun hagu.

Uku da rabi ya yi sallama. Ya shiga wajen Baba suka yi kamar minti ashirin, ina jin dariyarsa daga kicin. Sannan aka bar mu a falo, ƙofa a buɗe rabi, Gwaggo tana tari a baranda don mu san tana nan. Ya yi kyau, ba zan hana shi ba. Farar riga mai guga, ƙamshi ya cika ɗakin, waya biyu a kan gwiwa. Na zuba masa shayi. Ya ba ni labarin hanya, da ramukan hanya, da wani direban babbar mota da ya kusa tura shi rami. Ina ta jiran mutumin bencin ya fito daga cikin wannan mai surutun, bai fito ba. Na ce wataƙila kunya ce, bari in taimake shi. Na tashi na ɗauko gem ɗin daga ɗaki.

"Ina taka? Yau dai mu yi wasa muna ganin juna."

"Na baro ta can," ya ce, yana duba waya.

"To bari in nuna maka abin da na dasa jiya, ba ka gani ba."

Na kunna. Agogon bangon falonmu, da yake na gidan mai gyaran agogo ne, ba ya ƙara minti ba ya ragewa. Ya buga huɗu. Koren hasken ya kama kusa da sunan Injiniya. Ƙofar gonata ta buɗe, ɗan mutum-mutumin ya shigo a hankali kamar kullum, ya ɗauki buta ya fara ban ruwa. Can sai rubutu ya fito: "Sannu da gida, Malama."

Na ɗago kai na dubi hannuwan mutumin da ke gabana. Kofin shayi a dama, waya a hagu. Na juya masa allon.

"Wane ne wannan?"

Ya leƙa, ya ajiye kofin, ya sosa ƙeya. Har da ɗan murmushi, irin na wanda aka kama da ƙaramin laifi.

"Ai tana wajen Yayana. Ciwon ƙoda gare shi, sau uku a mako ake yi masa wankin jini a asibiti. Awa huɗu yana kwance, hannu ɗaya da allurai, ba abin yi sai kallon silin. Ni kuma kin san aikina, ina na ga lokacin wasa? Sai na ba shi ya riƙa rage zafi. Sunan ne ban canja ba, ban ma san ana canjawa ba."

"Tun yaushe?"

"An daɗe. Tun farko-farko."

Hannu ɗaya. Shi ya sa yake tafiya a hankali, shi ya sa amsarsa take daɗewa. Wata bakwai ina buɗe cikina ga mutumin da ban taɓa gani ba. Da tsohuwar ce, da sai na ga fuskar wanda ke ɗaya bakin igiyar kafin in ce uffan.

"Da nake turo maka godiya fa? Ka ce ba komai."

"Na ga kina jin daɗi, gimbiya. Me zai sa in ɓata miki? Wasa ne fa."

"Me na fi tsoro a duniya?"

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina. Ya yi tunani da gaske, har da duban sama.

"Ƙadangare?"

Na juyo da allon wajena. Ya matso bakin kujera ya rage murya saboda Gwaggo.

"Ki saurare ni. Na yi kuskure, na yarda, ya kamata in faɗa miki. Amma awa tara na yi a kan hanya yau. Na kama gida, na yi magana da Baba, da gaske nake. Ni ne na zo, ba ɗan mutum-mutumi ba."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Shi ne ya zo. Ba mugu ba ne, mutum ne da ya ga godiya a ƙasa ya tsinta ya sa aljihu. Na raka shi bakin ƙofa kamar yadda ya kamata, ya ce zai kwana a masauki ya jira kiran Baba. Na ce Allah Ya kiyaye hanya.

Ina juyowa Umma ta riƙo hannuna, idonta yana ƙyalli. Gwaggo ta riga ta fara yabon takalminsa da yadda ya durƙusa. Baba ya leƙo daga ƙofarsa ya dube ni, ya ɗan daɗe yana dubana, sannan ya ce, "In kin shirya ina ciki."

Na shige ɗaki na murza mukulli. Na ture kayan da ke kan gadon Yaya na zauna, mayafin ma ban cire ba. Kunya ce ta fara rufe ni, sai haushi ya biyo baya, na Injiniya, na Yayansa, da nawa na kaina wanda ya fi duka. Kaɗaici ne ya yi mini wannan aikin, na sani. Na ga suna a gefen allo, na ƙera masa mutum yadda nake so, na zauna ina sonsa.

Allon yana nan a kunne a cinyata. Ɗan mutum-mutumin ya gama ban ruwa ya zauna a benci, ya bar mini gefena. Saƙo biyu suna jira. "Lafiya yau?" Sai na ƙasa: "In kina da aiki ki je, ina nan."

Na tsinci haruffan ɗaya-ɗaya. "Na san ba shi ba ne."

Kogin yana ta gudu, tsuntsun yana ta kuka. Na ɗora yatsa a kan madannin kashewa. Umma ta ƙwanƙwasa ƙofa a hankali.

"Babanki yana jira fa."

Rubutu ya fara fitowa, layi ɗaya, a jira, sannan wani.

"Gaskiya ne. Ki yafe mini, Malama."

"Tun ranar farko na so in faɗa. Na ji tsoron ki daina zuwa."

"Ƙanena yaron kirki ne. Kar laifina ya shafe shi."

Hawaye ya sauko mini a kan gilashin, na goge da gefen mayafi. Na ce to shi ke nan, an gama, bari in kashe in je in fuskanci Baba. Sai wani layin ya iso, ya fi sauran daɗewa.

"Roƙo ɗaya. Kar ki kashe yanzu. Saura awa uku a cire mini allurar, kuma ba kowa a nan sai ƙarar inji."

Alamar caji ta koma ja a saman allon. Umma ta sake ƙwanƙwasawa, wannan karon da ɗan ƙarfi.

"'Yar nan, me zan ce masa?"

Na buɗe baki in ba ta e ɗin da na yi wata bakwai ina tattali, sai na ga ban san ta wane ne ba. Na miƙa hannu bayan gado na jawo caja na soka.

"Umma, ki ce masa ya ba ni awa uku."